Yadda Ake Ɗaura Libar Koriya a Akwatin Wasan Faɗa, a Kuma Daidaita Ta da Hannun Mai Ita

Duk wanda ya daɗe yana buga Tekken, wasan faɗa na bidiyo, da akwati mai sanda ya san cewa wahalar wasan ba a tura sandar take ba, a sakinta take. Motsin nan da ake kira ja-da-bayan Koriya, wanda ɗan wasa ke zamewa daga abokin karawarsa ta hanyar maimaita baya, baya, ƙasa-baya cikin hanzari, ba ya fita da kyau sai idan sandar tana komawa tsakiya tsaf duk lokacin da aka sake ta. Haka ma naushin lantarki na 'yan gidan Mishima irin su Kazuya, jaruman da ake zaɓa a wasan: gaba, tsakiya, ƙasa, sannan kusurwar ƙasa-gaba tare da naushin dama, kuma tilas kusurwar da maɓallin su faɗa a firam ɗaya, wato hoto guda daga cikin hotunan da allo yake jerawa, alhali wasan yana gudana ne a kan firam 60 cikin kowace daƙiƙa. Wannan komawa tsakiya ita ce abin da libar Koriya, wato sandar akwati ƙirar Koriya, ta yi suna a kansa, kuma duk wani gyara da za a yi mata, ita ce ma'aunin da za a auna shi da shi.

Libar ta taso ne a gidajen gem na Koriya ta Kudu, inda Tekken ya samu gindin zama tun ƙarshen shekarun 1990. Shahararren gidan nan na Green Arcade da ke birnin Seul, wanda aka rufe a 2018, ya yaye manyan 'yan wasa da dama, kuma daga wannan ƙasa ne ɗan wasa Knee ya fito, wanda ya lashe Tekken 7 a EVO, babbar gasar wasannin faɗa, a 2022, har ma akwai libar da ake sayarwa da sunansa. Bambancinta da ta Japan, wato irin su Sanwa JLF, a tushe yake. Ta Japan tana juyi ne a kan wani rabin ƙwallo, sifirin ne ke mayar da ita tsakiya, sannan akwai faranti a ƙasanta mai rami murabba'i wanda yake tsare ta a kusurwoyi huɗu, ta yadda hannu zai ji kusurwa da kansa. Ta Koriya kuwa ba ta da wannan faranti. Wata roba ce mai kauri take riƙe da ƙugun sandar, ita ce madogara kuma ita ce mai mayarwa, iyakar tafiyar sandar kuma tana sama ne, a wani zagayayyen wuya. Saboda haka babu lungun da hannu zai fake a ciki. Dole ne ya koyi inda kusurwa take, ya kuma koyi barin robar ta yi rabin aikin.

Yana da kyau a san sassan daga sama zuwa ƙasa kafin a taɓa sukudireba. A can sama akwai mariƙi mai siffar kan kulki, wanda a yawancin tsofaffin samfura haɗe yake da ƙarfen sandar, ba a kwance shi. Sai faifan da ke tare ƙura, sai wuya, sai robar da kanta, wadda a tsakiyarta akwai wata 'yar ƙwarya ta filastik da ƙarfen yake ratsawa ta ciki. A ƙasan robar, wasu samfura suna da ɗan ƙaramin sifirin. Daga nan sai dunƙulen da nake kira maturi, domin shi ne yake tura hannayen ƙananan makunnai huɗu da ke kewaye da shi, a ƙarshe kuma sai wani ɗan kilif mai siffar harafin E da yake riƙe komai a jikin ƙarfen. Roba, maturi, ƙarfe da makunnai: waɗannan huɗu su ne ake canzawa, kuma kowannensu yana taɓa aikin sauran.

Akwai manyan dangi biyu da mai saye zai fi cin karo da su. Na farko dangin Fanta, na kamfanonin Myoungshin da Taeyoung, waɗanda suka fi kusa da abin da aka sani a gidajen gem na da. Na biyu dangin Crown na kamfanin Samducksa, irin su 303 da 309. Abin lura a nan shi ne, robar wannan dangi ba lallai ba ne ta shiga cikin wancan, haka maturi da ƙarfe, don haka sunan libar ake fara tabbatarwa kafin a sayi kowane ƙaramin sashe.

Mataki na farko: auna akwatin kafin a biya ko sisi

A nan ne aka fi yin asara. Akwatunan da aka ƙera domin libar Japan suna da rami mai faɗin kimanin milimita 24 a saman faranti, liba mai cikakken wuya ta Koriya kuwa tana buƙatar ramin milimita 35, domin wuyan nata yana fitowa ne ta cikin ramin. Ramukan kusoshin ɗauri su ma ba iri ɗaya ba ne. Wannan ya sa aka yi samfura masu gajeren wuya, kamar 309MJ, waɗanda suke zama a mazaunin libar Japan ba tare da an huda komai ba. Ga wanda wannan ne karonsa na farko, shawarata ita ce ya fara da irin wannan. Gaskiya ne masu tsohon hannu sukan ce cikakken wuya ya fi ba da yanayin asali, kuma ban musa ba, amma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, kuma bai dace mutum ya yanke wa akwatinsa hukunci a kan libar da bai taɓa riƙewa ba. Wanda kuma ya riga ya ƙudurta, akwai akwatunan da tun asali aka yi su domin libar Koriya, kamar Etokki Omni da Makestick na kamfanin IST.

Abu na biyu da za a auna shi ne zurfi. A buɗe akwatin, a sa ma'auni daga ƙarƙashin farantin sama zuwa murfin ƙasa, a kwatanta da tsawon jikin libar da mai sayarwa ya rubuta, a kuma bar ɗan sarari, domin ƙarshen ƙarfen yana lilo idan ana wasa. Libar Koriya ta fi JLF cika wuri, a tsaye da kuma a kwance, saboda ƙafafun makunnanta suna miƙewa gefe. A duba ko akwai sandar ƙarfe, ko allon lantarki, ko ɗakin ajiye waya da zai tokare su. A ɗauki hoton cikin akwatin da waya tun kafin a cire komai, musamman inda wayoyin libar suka shiga allo.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai kan kuros da ƙarama mai faɗin baki, filaya mai dogon baki, mitar gwada waya, farin tsumma, ƙaramin kwano na zuba kusoshi, da littafin rubutu. Idan da hali a samu ma'aunin kauri na dijital irin na masu juya ƙarfe, domin bambancin rabin milimita ido ba ya kama shi, amma hannu yana ji.

Mataki na biyu: cire tsohuwa, ɗaura sabuwa

A zare wayar akwatin daga na'ura tukuna. Idan JLF ce a ciki, a sa ƙaramar sukudireba a tsagar da ke gindin ƙarfenta a riƙe, sannan a juya ƙwallon sama har ya kwance. A zare soket ɗin nan mai ƙafa biyar a hankali, a kwance kusoshi huɗu na farantin ɗauri, a ajiye tsohuwar libar da ƙwallonta da faifanta a leda guda, domin watakila a so komawa gare ta wata rana.

Sabuwar libar ba za ta ratsa ramin da mariƙinta a jiki ba, dole sai an zare ƙarfen, kuma hakan na nufin cire kilif ɗin nan. A kwantar da libar a kan tsumma, a danna maturin ciki kaɗan domin kilif ɗin ya samu sassauci, a sa bakin ƙaramar sukudireba a ɗaya daga cikin gurabunsa biyu, a juya a hankali kamar mai buɗe kwaɗo. Ɗaya hannun kuma a rufe wurin da shi, ko a lulluɓe da tsumma, domin idan ya ɓalle tsalle yake yi, kuma ƙanƙantarsa ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Na taɓa rasa nawa a daren da kayan suka iso bayan makonni ina jira. Na ji ƙararsa a jikin ƙofa, na share ɗakin kaf ban same shi ba, sai washegari wani mai gyaran janareta ya zazzage gwangwaninsa muka yi ta gwadawa har muka dace da daidai shi. Tun daga ranar nake sayen kilif biyu ko uku na ajiya tare da kowace liba. Bayan kilif ya fita, a zare maturi da sifirin idan akwai, a jera su a kan tsumma bisa tsarin da suka fito, a kuma lura da gefen maturin da yake kallon ƙasa, domin idan aka juya shi aikinsa ya sauya. Sai a ja ƙarfen ta sama.

Yanzu a ɗora jikin libar a mazauninsa ta cikin akwati. A sa kusoshi huɗun duka ba tare da an ɗaure ko ɗaya ba, a leƙa ta sama a tabbatar tsakiyar libar ta dace da tsakiyar rami, sannan a ɗaure su gicciye, wannan da na kusurwar da ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan. Idan libar ta karkace ko da kaɗan ne, ƙarfen zai riƙa dukan bakin faranti a gefe ɗaya kafin ya isa wuya, sai mutum ya ga kusurwar hagu tana fita ta dama kuma tana ƙi. A mayar da faifan ƙura, a zura ƙarfen daga sama, a mayar da sifirin da maturi, sannan a matse kilif da filaya har a ji ya faɗa cikin tsagarsa.

Wanda ya zaɓi cikakken wuya a akwatin Japan, aikinsa ya ƙaru. Sai ya cire farantin gaba ɗaya, ya raba shi da allon lantarki da maɓallai, domin garin ƙarfe idan ya shiga allo yana haɗa wuta. Ana faɗaɗa ramin ne da bakin huda mai hawa-hawa, a hankali, ana tsayawa ana gwada wuyan, sannan a goge bakin da magagari. Idan akwai gilashin roba a saman farantin, a huda shi daban da saurin inji kaɗan, domin yana tsagewa. Wanda bai saba da injin huda ba ya kai wa masu aikin ƙarfe, ya tsaya a kansu, ya nuna musu cewa tsakiyar ramin ba za ta gusa ba.

Mataki na uku: wayoyi

Yawancin libobin Koriya ba su da soket mai ƙafa biyar. Kowane makunni yana da ƙafafunsa masu faɗin inci 0.187, wato kimanin milimita 4.8, waɗanda suka fi na maɓallai faɗi, domin na maɓallai inci 0.110 ne. Saboda haka a sayi wayar da aka yi domin wannan aiki tare da libar, mai ƙafa biyar a gefe ɗaya da bakuna takwas a ɗaya gefen. Huɗu daga cikinsu a jere suke a kan waya guda, galibi baƙa, su ne na ƙasa, kuma suna zuwa ƙafar da aka rubuta wa COM a kowane makunni. Sauran huɗun, kowanne da launinsa, suna zuwa ƙafar NO. Idan makunnin yana da ƙafa ta uku mai alamar NC, a bar ta haka nan. Idan aka yi kuskuren sa waya a kanta, wasan zai ɗauka ana danne da wannan ɓangaren har abada, sai lokacin da aka tura sandar ne zai saki.

Inda ake rikicewa shi ne wajen sanin wane makunni ne na wane ɓangare. Sandar tana juyi ne a kan robar, don haka idan aka tura mariƙi sama, maturin ƙasa yake yi. Idan aka tura hagu, dama yake yi. Ga shi kuma akwatin a kife yake, hagu ta koma dama, sannan makunnan a kewaye suke kamar fukafukan fanka, jikin kowanne a wani gefe, hannunsa a wani. Kada a tsaya lissafi da ka. A sa hannu ta ƙarƙashi a tura mariƙin zuwa inda allon kallo zai kasance, a dubi hannun makunnin da ya motsa, a saurari ƙarar, a rubuta masa «sama» da alƙalami a jikinsa. A yi wa sauran ukun haka. Kafin a rufe akwati a gwada: a kwamfuta mai Windows ana iya buɗe joy.cpl, wato shafin gwada kayan wasa, ko kuma a shiga filin atisaye na wasan a kunna nunin umarni. Idan wani ɓangare ya fito a juye, musanya bakuna biyu kawai za a yi. Idan kuma ya ƙi fitowa sam, a sa mita a kan COM da NO a danna hannun makunnin. In ta yi ƙara, makunni lafiya yake, laifin na waya ne. Bakunan wayar suna da tauri wajen zarewa, a kama ƙarfen bakin da filaya, kada a ja wayar kanta.

Mataki na huɗu, wanda ya fi kowanne wuya: a ƙyale ta

Daga an ɗaura, a yi wasa da ita yadda ta zo na tsawon mako biyu ko uku, ba tare da an canza komai ba. Dalili biyu ne. Sabuwar roba tana da tauri, sai an yi ta murza ta take sakin jiki, don haka hukuncin da aka yanke a daren farko hukunci ne a kan robar da ba za ta daɗe a haka ba. Na biyu, hannun da ya saba da ramin murabba'i zai yi ta neman lungun da babu shi, kuma a kwanakin farko kusan kowane kuskure na hannu ne, ba na liba ba. A wannan lokaci a riƙa yin gwaji ɗaya kullum a filin atisaye: ja-da-baya sau ashirin a gefen hagu, sau ashirin a gefen dama, sannan motsin gaba-tsakiya-ƙasa-kusurwa shi ma haka. Ba yawan kuskuren ne abin rubutawa ba, irinsa ne. Shin kusurwa ce take ɓacewa? Ko tsakiya ce ba ta bayyana tsakanin baya da baya? Ko kuwa idan an saki baya sai a ga gaba ta fito da kanta? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da sashen da yake nuna wa yatsa.

Ƙa'idar da nake so a riƙe ita ce a canza abu ɗaya kacal a lokaci guda. Na koyi wannan ne da asarar kusan wata guda. Na karanta yadda wani gwani ya haɗa tasa, sai na sa roba mai tauri, da ƙarfe mai kauri, da ƙaramin maturi, duk a zama ɗaya. Kusurwoyi suka ɓace mini kusan gaba ɗaya, na ɗora laifin a kan makunnai, na sayi sababbi, babu abin da ya sauya. Sai da na mayar da komai yadda ya zo, na fara bi ɗaya bayan ɗaya, sannan na gane cewa ƙarfen yana isa wuya tun kafin maturin ya gama danne makunnai biyu a tare.

Roba

Da ita ake farawa, domin ita ce mafi arha kuma ita ce mafi tasiri. Ana auna taurinta da ma'aunin Shore A, kuma lambar da ta fi girma ita ce ta fi tauri; a kasuwa za a ga irin su 25, 35, 45, har zuwa 60, kuma 35 na daga cikin waɗanda aka fi samu a dangin Crown. Roba mai laushi tana da sauƙin turawa, hannu ba ya gajiya, tana kuma yi wa motsin zagaye daɗi, sai dai idan aka saki sandar da ƙarfi takan wuce tsakiya ta taɓa makunnin da ke ɗaya gefen, wanda shi ne ke haifar da gaban nan da ba a nema ba. Mai tauri tana dawowa da sauri ta tsaya cak, amma bayan awa biyu wuyan hannu zai faɗa wa mutum gaskiya, kuma idan hannu ya gaji kusurwa ce take fara salwanta. Kada a yi tsalle daga 35 zuwa 60. A hau mataki ɗaya. A kuma sani cewa lamba ɗaya a robar silikon da ta roba zalla ba lallai su yi daidai a hannu ba, don haka kwatanta lambobi yana da amfani ne a cikin dangi ɗaya kawai.

Wajen canzawa, a zare ƙarfen kamar yadda aka yi a baya, a kwance kusoshin da suka haɗa saman jikin libar da ƙasansa, a ɗaga robar. Ƙwaryar tsakiya tana da tsaga a kewayenta inda leɓen robar yake zama. A tura ta da manyan yatsu biyu ta fita, a sa ta a sabuwar, a juya ta a ga leɓen ya zauna a tsagar ko'ina. Idan wani gefe bai zauna ba, sandar za ta tsaya a karkace. Wajen mayar da kusoshi a ɗaure su daidai wa daida, kada a matse har robar ta kumbura, domin matsi yana ƙara mata tauri a gefen da aka fi ɗaurewa. Kada kuma a kusanto da man inji ko man keken ɗinki wurin nan, domin mai na fetur yana cin roba. Idan akwai gurzo tsakanin ƙarfe da ƙwarya, ɗigon giris na silikon a kan yatsa ya wadatar.

Maturi da ƙarfe

Waɗannan biyu tare ake fahimtarsu ko da yake ba tare ake canza su ba. Maturi shi ne ke yanke lokacin da makunni zai kama. Idan ya fi faɗi, yana kusa da hannayen makunnai, don haka umarni yana fita da wuri, kusurwoyi suna buɗewa, amma filin tsakiya yana ƙuntata. Idan ya fi siranta, tsakiya tana yalwata, kusurwa kuma sai an bi ta da niyya. Wanda littafinsa ya nuna kusurwa ce ke ɓace masa, ya ƙara rabin milimita. Wanda kuma yake ganin ƙasa-baya a inda yake nufin baya zalla, ko tsakiya ba ta fito masa, ya rage. Kafin a kashe kuɗi akwai gwaji mai sauƙi: a naɗa salatif zagaye ɗaya ko biyu a jikin maturin, a yi wasa na yini guda. Ba gyara ba ne na dindindin, domin zai goge ya bar danƙo, amma zai nuna ko hanyar da ake shirin bi ita ce daidai.

Kaurin ƙarfe kuwa shi ne ke yanke nisan tafiya. Ana samunsa daga kimanin milimita 8 zuwa 10. Mai kauri yana isa bangon wuya da wuri, tafiya ta gajarta, siriri kuma yana ba da doguwar tafiya. Abin da ake nema shi ne a samu ɗan rara tsakanin lokacin da makunnai biyu suka kama a kusurwa da lokacin da ƙarfen ya daki wuya. Ana iya jin wannan da kunne: a ɗaki marar hayaniya, a tura sandar zuwa kusurwa a hankali ƙwarai, a ji ƙas na farko, a ji na biyu, sannan a ji tsayawa. Idan ƙas na biyu da tsayawar sun zo a tare, rarar ta yi kaɗan, kuma a tsakiyar wasa mai zafi wannan kusurwa za ta riƙa ƙi. A yi wannan gwaji a kusurwoyi huɗun duka, domin idan ɗaya ce kawai ta bambanta, matsalar ta ɗauri ce ko ta zaman roba, ba ta girman sassa ba. A ganina mafi yawan mutane ba sa buƙatar taɓa ƙarfen ko kaɗan. Roba da maturi sun ishe su.

Makunnai su ne na ƙarshe. Waɗanda aka fi gani su ne Gersung na Koriya da Omron na Japan, na Panasonic da aka san tsofaffin Fanta da su kuwa sun yi wuyar samu. Sun bambanta a ƙarfin da ake buƙata kafin su kama, da tsawon hannunsu, da kuma ƙararsu, kuma makunni mai ƙarfi yana taya roba mayar da sandar. Idan za a canza, a canza huɗun duka da iri ɗaya. Akwai masu lanƙwasa hannun makunni da filaya domin ya kama da wuri. Ban ga hikimar hakan ba, domin babu yadda za a lanƙwasa huɗu su zo daidai, kuma maturi mai faɗi yana yin wannan aiki ba tare da ɓata komai ba.

Game da maɓallai, maganar gajeriya ce. Tsofaffin na Koriya sun fi na Japan ƙanƙanta, ba sa cika ramin milimita 30, don haka wanda akwatinsa na Japan ne ya bar maɓallansa, ko ya nemi na zamani masu milimita 30 irin su SDB-202 na Samducksa, waɗanda suke amfani da makunnan Cherry MX irin na madannin kwamfuta. Liba ba ta damu da maɓallin da ke kusa da ita ba.

Saura kulawa. Ramin libar Koriya a buɗe yake fiye da na Japan, musamman mai cikakken wuya, kuma ga mu da muke zaune inda ƙurar hunturu take shiga har cikin akwatin da aka kulle, wannan abin lura ne. A riƙa rufe akwatin da tsumma idan an gama, kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, domin zafi yana tsufar da roba, sanyin asuba kuma yana sa ta ɗan taurara har sai hannu ya ɗumama ta. Bayan kowane 'yan watanni a zare ƙarfen a goge shi tare da ƙwarya da maturi, a ɗaga robar a haska ta da fitila ana ɗan miƙa ta, a duba leɓen tsakiya inda tsagewa take farawa. Alamar farko ta gajiyar roba ita ce mariƙin ya fara rawa a tsakiya kafin a ji nauyinta. Tunda kayan daga nesa suke zuwa kuma sukan ɗauki makonni a hanya, a riƙa ajiye roba ɗaya mai lambar da aka saba da ita. Idan kuma akwai gasa a gaba, ba a fafe gora ranar tafiya: a sa sabuwar robar aƙalla mako biyu kafin ranar, a maimaita gwajin nan na sau ashirin-ashirin a gefen hagu da na dama, a rubuta lambar robar da faɗin maturin a wata 'yar takarda a manna ta a cikin murfin akwatin.